Mai Kitson da Gashinta Ya Zube: Labarin Ciwon Gaɓoɓina da Seleniyam

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan labari a raina, kunya tana hana ni fitar da shi, domin babban kuskuren da ke ciki ni na tafka shi da hannuna, ba wanda ya sa ni. Abin da ya tayar da ni yau shi ne, makon jiya wata baiwar Allah ta zo kitso gidanmu, ta zuge jaka za ta ɗauko kuɗi, sai idona ya faɗa kan wata farar kwalba mai koren murfi. Ko cikin duhu na lalubi kwalbar nan zan gane ta. Gabana ya yanke ya faɗi.

A Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ni, a 1990. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano, suka yada zango a bakin Binuwai, zangon ya zama gida. Babana sana'ar kifi yake yi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 yake zuwa can ya saro, ɗanye da banda, ya kawo kasuwa. Ko ranar da babu ko sisi a gidan ba a rasa kan tarwaɗa ko karfasa a miya. Inna kuwa kitso take yi, kuma a gefenta na tashi, ina miƙa mata mataji da man kitso. Ina shekara tara na fara gwada hannuna a kan ƙannena. Na yi boko har aji huɗu na sakandare, na iya karatun Faransanci daidai gwargwado, amma tun lokacin kowa ya san abincina a yatsuna yake.

Wanda bai yi kitso ba ba zai san aikin da yatsa yake yi ba. Babban yatsa yana danne, manuni yana tsinto gashi, na tsakiya yana karɓa yana miƙawa, duk a cikin ƙiftawar ido, kuma hankalinki yana kan hira. Jajiberen Sallah nakan zauna tun hantsi har bayan sha biyun dare, kai yana tashi kai yana zama. Da kuɗin kitso na yi kayan ɗakina lokacin da aka yi mini aure a 2010, da su nake zubin adashe, da su nake yi wa Inna ɗan alheri ba sai na tambayi kowa ba.

Haihuwata ta biyu a 2018 ce. Na gama arba'in lafiya, na koma ɗakina. Bayan kamar wata guda na fara tashi da asuba in ji yatsuna sun ƙage, kamar an ɗaure su da zare cikin dare. Ba na iya matse zanin goyo, ba na iya murɗa murfin buta. Sai rana ta ɗaga sosai suke saki. Kuma hannu biyu ne a tare, gaɓar da ta kumbura a dama ita ce ta kumbura a hagu. Daga yatsu ya hau wuyan hannu, ya sauka gwiwa, ya kama tafin ƙafa, har in na taka ƙasa da safe sai in ji kamar a kan tsakuwa nake tafiya.

Kowa ya zama likita. Sanyi ne ya shige ta. Ba ta yi wankan jego yadda ya kamata ba. Ta yi wasa da kunun kanwa. Wata gwaggon maigidana ta ce a binciki masu zuwa kitso, domin ba kowa ke son ganin ɗaukakar mutum ba. An yi mini ƙaho a gwiwa har sau uku, tabon yana nan. Na sha jiƙo, na sha rubutu, na yi turare. Wani mai tallan magani a kan keke ya ba ni wasu ƙananan farare, na ji daɗinsu ƙwarai, amma cikin wata biyu fuskata ta kumbura ta yi tulu-tulu, na tsorata na bari. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce rumatizim ne, aka ba ni maganin kashe zafi. In na sha ya lafa, in ya sake ni ya dawo.

Ranar da ba zan manta ba a 2020 take. An kawo mini amarya, ana ta guɗa a tsakar gida, ƙawayenta sun cika ɗakin. Na tsaga kan, na yi rabi, ƙananan kitso masu kyau irin waɗanda aka san ni da su. Ina kai wa tsakiyar kai sai manunin hannun dama ya ƙi lanƙwasuwa. Na ba shi umarni a raina, bai motsa ba. Tsinken ya suɓuce ya faɗi a cinyar yarinyar. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, “Anti, lafiya?” Na ce lafiya lau, bari in sha ruwa. Na shiga uwar ɗaki na tura ƙofa, na aiki 'yata ta kira maƙwabciyarmu ta zo ta ƙarasa. Ina jin guɗa daga waje, ni kuwa na cusa hannuwana a hammata ina kuka ba sauti. Daga ranar na daina karɓar kitson biki, daga baya na daina karɓar kowane iri.

Zafin ciwo daban, zafin zama ba amfani daban. Na fita daga adashe. Abin da ban taɓa yi ba, roƙon kuɗin sabulu, ya zama dole. Maigidana bai taɓa ɗaga mini murya a kan haka ba, Allah ya saka masa, amma ina ganin yadda yake lissafi da yatsu in ya zaci barci nake. Jaririna yana miƙo hannu in ɗauke shi, sai in kira yayarsa. Akwai daren da na roƙi Allah, in babu waraka a gaba, ya ɗauke ni kafin in zama kaya. Na yi istigfari daga baya, amma na faɗa.

A hutun 2021 ƙanena ya zo daga Ngaundare, inda yake karatun likitan dabbobi a jami'a. Tunkiyar Inna ta haihu, ɗan ya ƙi tsayuwa, in ya miƙe sai ƙafafun su yi rawa ya zube. Ƙanena ya duba shi ya ce abubuwa da yawa suna kawo haka, ɗaya daga ciki shi ne ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ya ce a cikin ƙasa yake, ciyawa ta zuƙo shi, tunkiya ta ci, ɗanta ya samu tun a ciki da kuma a nono. In ƙasar wuri ba ta da shi, 'yan tumaki da maruƙa sukan kamu da wata cuta da ke sa tsokarsu ta yi fari ta mutu. Na ce, mutane fa? Ya ce, “Har mutane, Adda. A ƙasar Sin akwai wata cutar gaɓoɓi da ake dangantawa da shi.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ci gaba da shafa ɗan tunkiyarsa. Ba shi da laifin komai a abin da ya biyo baya.

Daren nan ban runtsa ba. Na ɗauki waya na shiga intanet, na rubuta kalmar yadda na ji ta. Sunan cutar Kashin-Beck. Har sunan ya yi mini kama da ƙashi, na ɗauka wata alama ce. Na karanta cewa an fara ba da labarinta a 1849 a gabashin Saberiya, a kwarin wani kogi mai suna Urof, kuma ta samo sunanta daga likitocin Rasha biyu da suka bi diddiginta, na biyun ya fitar da bincikensa a 1906. Ana samunta a wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga arewa maso gabashin Sin ya gangara har tsaunukan Tibet, da wani yanki na Saberiya da Koriya ta Arewa, wuraren da ƙasar noma ba ta da seleniyam sosai. Mutanen Sin suna ce mata ciwon manyan gaɓoɓi. Sai hotuna suka buɗe. Hannuwa ne, gaɓoɓin yatsu sun yi ƙulu-ƙulu, yatsun sun karkace. Na ajiye wayar a kan katifa, na shimfiɗa hannuna kusa da ita, ina duban wannan ina duban wancan. Aka ce suna tashi da ƙagewar gaɓoɓi da safe. Na ce wallahi ni ce.

Na ci gaba da karatu, kuma duk abin da na karanta ƙara mini ƙarfi yake yi. Ga wata cutar zuciya da ta ɓulla a gundumar Keshan ta ƙasar Sin a 1935 tana kashe yara da mata masu haihuwa, da aka fara raba ƙwayoyin seleniyam a shekarun 1970 sai ta ja baya ƙwarai. Ga ƙasar Finlan da ta fara zuba shi cikin takin zamani a 1984 domin ya shiga hatsi da madara da nama. Na ce ashe shekara uku ina wahala a kan abin da ƙwaya ɗaya za ta warkar. Akwai layukan da suka ce cutar yara take kamawa, akwai inda aka yi gargaɗi a kan yawan sha. Idona ya bi ta kansu, zuciyata ba ta tsaya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ban sha wahalar samu ba. Wata mata da ke tallan magungunan ƙarin lafiya a WhatsApp ta kawo mini har gida, kwalba ɗaya sefa 12,000. Na sayar da tukwanena biyu na aure. A jikin kwalbar an rubuta ƙwaya ɗaya a rana, kowace ƙwaya maikirogiram 200. Ban san mene ne maikirogiram ba, kuma ƙwayar ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Na yi tunanin ƙwaya ɗaya ta masu lafiya ce, ni da ciwo ya ci shekara uku a jikina sai an ninka. Na fara da biyu da safe, biyu da dare. Ban gaya wa kowa ba. So nake ranar da na warke in ba su mamaki.

Wata na farko ban ga komai ba. A na biyu bakina ya fara ɗanɗanon ƙarfe, kamar na tsotsi tsabar kuɗi. Cikina ya riƙa juyawa, ga gudawa, ga kasala. Maigidana ya tambaye ni ko wani maganin tafarnuwa nake sha, domin numfashina warinta yake yi, alhali ko a miya ban sa ba. Na zama mai saurin fushi, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gaɓoɓin kuwa suna nan yadda suke. Maimakon in tsaya, sai na ce maganin ne yake faɗa da ciwon, na ƙara biyu da rana. Shida ke nan.

Wata ranar Juma'a na zaunar da 'yata ta yi mini tsifa, tun da ni ba na iyawa. Tana shekara tara lokacin, daidai shekarun da na fara koyo. Ta warware kitso na farko, ta sa mataji, sai na ji ta yi shiru. Na ce ci gaba mana. Ta zagayo gabana ta buɗe tafin hannunta. Kitson ne gaba ɗayansa, tun daga tushe, ya biyo ta kamar an cire zare daga tsumma. Ta ce, “Umma, ban ja da ƙarfi ba.” Idonta ya cika da hawaye, tana tsoron na ce ita ce. Na ce na sani, ci gaba. Kafin ta gama, gashin da ke kan tabarma ya fi wanda ya rage a kaina. Ni da mata ke zuwa wurina tambayar sirrin tsawon gashi. Farcena ma suka yi fari-fari, suka riƙa tsagewa, na babban yatsan hagu ya ɗago ya fita ɗungurungum. Na ɗaure kaina da ɗankwali biyu, ko barci ba na cirewa. A gidan aka koma maganar sammu, ni ma har na fara yarda, domin ko sau ɗaya ban kawo kwalbar nan a raina ba.

Allah ya sa ƙanena ya dawo hutu. Ya shigo gaishe ni, ya ga kwalabe uku wofi a bayan madubi. Ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya dubi farcena. Ya ce, “Adda, guda nawa kike sha?” Na ce shida. Ya ce a mako? Na ce a rana. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai yana salati. Da ya ɗago sai ya yi mini lissafin da har gobe yana kaina. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Abin da babban mutum yake bukata a rana kamar 55 ne. Giram ɗaya tak zai ishi mutum kusan shekara 50. Iyakar da likitocin Amurka suka ce kada a wuce a rana 400 ce. Ni kuwa 1,200 nake zuba wa cikina kullum, ninki uku na iyakar, fiye da ninki ashirin na bukata, har wata huɗu. Ya ce ko a dabbobi sun san wannan, in ya yi yawa gashin wutsiyar doki yakan zube, kofato ya tsage. Ya kwashe sauran ƙwayoyin ya sa a aljihu. Ya fita ya sami maigidana a waje, na ji suna magana ƙasa-ƙasa har aka kira Magariba.

Su biyun suka yanke shawarar a kai ni wurin ƙwararren likitan gaɓoɓi a Yawunde. Inna ta sayar da tumakinta biyu, na sayar da 'yan kunnena na zinariya. A farkon 2022 muka hau mota zuwa Ngaundare, muka kama jirgin ƙasan da ke tashi da dare ya isa da safe. Sanyin dare ya sa gwiwoyina suka ƙage, da muka isa sai da maigidana ya ciccibe ni ya sauko da ni.

Likitar mace ce, mai natsuwa. Na zaci faɗa za ta yi mini. Ta saurare ni har na gama, ta karɓi kwalbar ta juya ta. Ta matsa gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa. Ta duba haƙorana, ta tambayi ruwan da na sha ina yarinya, ta ce a wasu rijiyoyin yankin Mayo Tsanaga, wajen Marwa, akwai sinadarin fuloraid da ya wuce kima, yana ɓata haƙori, in ya daɗe ya taɓa ƙashi. Ta tambaya ko akwai sikila a danginmu. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannuwa da ƙafafu.

Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta ce, “Madam, abin da kika karanta gaskiya ne, sai dai ba labarinki ba ne.” Ta ɗauki takarda ta zana ƙashin yaro. Ta nuna mini cewa kusa da kowane bakin ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashi yake ƙara tsawo, in mutum ya gama girma sai faifan ya rufe. Cutar Kashin-Beck wannan faifan take kashewa, tare da guringuntsin da ke shimfiɗe a kan gaɓa, shi ya sa yara take kamawa, galibi daga shekara 5 zuwa 15, su tashi da gajerun yatsu, gwiwar hannu ba ta miƙewa, wasu su tsumbure. Ni kuwa ina da shekara 28 ciwona ya fara, ƙasusuwana sun daɗe da gama tsawo.

Na tambaye ta to mene ne aikin seleniyam ɗin a gaɓa. Ta ce jiki yana gina wasu sinadarai da shi, kusan iri 25. Wasunsu aikinsu kamar mai hana ƙarfe tsatsa ne, suna kwashe dattin da ke ƙona ƙwayoyin halitta. Wasu kuma su ne ke kunna sinadarin da ƙullutun maƙogwaro yake fitarwa, wanda girman ƙashin yaro ya dogara a kansa. In seleniyam ya yi ƙaranci sai guringuntsi ya zama ba shi da mai tsaro. Amma ta ce masana ba su ɗora wa rashinsa laifin shi kaɗai ba, domin akwai wuraren da ƙasarsu ba ta da shi kuma cutar ba ta can. A ƙauyukan da take yawa akan tarar da wasu abubuwan sun haɗu: ƙarancin aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri, dafin fumfunar da ke kama hatsin da aka adana da danshi, kamar sha'ir ɗin mutanen Tibet, da ruwan sha mai ɗauke da dattin ruɓaɓɓen ganye. Ga talauci da ke sa iyali su shekara a kan hatsin gona ɗaya, babu kifi, babu ƙwai. Shi ya sa da Sin ta tashi yaƙar cutar ba ƙwaya kawai ta raba ba, ta sauya wa mutane hatsi, ta gyara ruwa, wasu ƙauyukan ma ta tashe su. Kuma ko a Tibet, da aka gwada ba da seleniyam ga yaran da cutar ta riga ta lalata wa gaɓoɓi, bai mayar da su yadda suke ba.

Ta ce a Afirka ma akwai ƙarancinsa, an tabbatar da shi sosai a Malawi, inda ƙasa mai tsami take riƙe shi ta hana masara zuƙa. A arewacin Kwango Kinshasa kuma, da aka ba mutanen da ke fama da rashin aidin seleniyam tun kafin a gyara musu aidin ɗin, aikin maƙogwaron wasunsu ƙara lalacewa ya yi. Sai ta tambaye ni abin da muke ci a gida. Na lissafa mata: tuwon masakwa, kifi kusan kullum, ƙwai, hanta in an samu. Ta yi murmushi ta ce kifi da ƙwai da hanta da ƙoda suna cikin abincin da ya fi ɗauke da shi, 'yar mai kifin Lagdo ba ita ce za a fara zargi da rashinsa ba. Ta ƙara da cewa a ƙasar Sin ɗin nan dai akwai wani yanki mai suna Enshi da ƙasarsa ta cika da seleniyam, a farkon shekarun 1960 mutanen wasu ƙauyukansa suka riƙa zubar da gashi da farce. Jikina ya yi sanyi. Na shafa ɗankwalina.

Ciwona na gaskiya amosanin gaɓoɓi ne, irin wanda a Faransanci suke kira poliyartirit rumatoyid. Garkuwar jikina ce ta juyo tana yaƙar tantanin da ke lulluɓe gaɓoɓina. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, kuma ba baƙon abu ba ne ya taso a watannin bayan haihuwa. Ba wankan jego ne na ɓata ba, ba kuma wani ne ya yi mini asiri ba. Na tambaya ko seleniyam yana da wani amfani a wannan. Ta ce akan ga ya ɗan yi ƙasa a jinin masu ciwon, amma gwaje-gwajen da aka yi na ba su shi ba su nuna wata waraka a fili ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton hannuna. Ta nuna mini inda bakin ƙashin ya zaizaye a yatsu biyu, ta ce wannan ba ya dawowa, kuma irin wannan ɓarnar ce ake hanawa in an fara magani a watannin farko. Ni na zo bayan fiye da shekara uku. Na tuna ƙahon, na tuna mai keke, na tuna tukwanena.

Ta ce in daina seleniyam gaba ɗaya, jiki zai fitar da shi a hankali. Ta ɗora ni a kan wani magani mai suna metotirezat, sau ɗaya a mako, ta maimaita mini har sau uku cewa a mako ne, domin shan shi kullum yana iya kisa. Ta haɗa da folik asid, da gwajin jini lokaci-lokaci don duba hanta. Sannan ta dubi maigidana ta ce maganin ba ya haɗuwa da ciki, yana illata jariri, dole a dakatar da haihuwa muddin ina kansa.

Wannan ta fi komai yi mini nauyi. 'Ya'ya biyu gare ni, kuma na san irin maganar da za ta biyo baya a dangi. A jirgin dawowa ban ce uffan ba har muka wuce tashoshi da yawa. Can cikin dare na ce masa in yana son ya ƙara aure ba zan tsaya masa a hanya ba. Ya daɗe bai amsa ba. Sai ya ce, “Biyun da Allah ya ba mu uwa suke bukata. Ki sha maganinki.” Ban san abin da gobe za ta kawo ba, amma a kan wannan maganar na tsaya, kuma har yau bai sauya ta ba.

Warin tafarnuwa ya tafi cikin makonni. Bayan kamar wata uku na ji wani laushi a fatar kaina kamar na jariri, na kira 'yata ta taɓa. Farcen da ya fita ya ɗauki wajen wata shida kafin ya rufe. Maganin gaɓoɓin ma bai yi aiki nan take ba, sai da na kusa wata biyu kafin na lura na tashi da asuba na murɗe murfin buta ban yi tunani ba. Na tsaya riƙe da butar ina kallonta.

Yau ranar Litinin ce ranar maganina, na sa wayar maigidana da ta 'yata su tuna mini. Manuni da ɗan tsakiya na hannun dama sun karkace, haka za su zauna. Ƙananan kitson da aka san ni da su sun wuce ni, sai manya, shuku da kalaba, kai biyu ko uku a rana, in na ji hannun ya yi zafi in tsaya. 'Yata ce ke yin ƙananan yanzu, hannunta ya fi nawa sauri a shekarunta. Akwai ranakun da ciwon yake tashi, musamman in hunturu ya shigo, in kwana ina juyi. Na koma adashe. Gishiri mai aidin nake saya, kuma in na buɗe buhun masara ko gyaɗa na ji warin fumfuna, ba ya shiga tukunyata ko nawa na saye shi.

Matar da na ba ku labari a farko, sai da na gama mata kitso na ɗaure ƙarshen, sannan na ce, “Hajiya, don Allah kada ki ga na shiga abin da ba ruwana. Wa ya rubuta miki wannan?” Ta ce ba kowa, gwiwa ce ke damunta, aka ce yana gyara ƙashi. Na ce guda nawa kike sha? Ta ce uku, tana shirin ƙarawa. Na ajiye matajin, na shimfiɗa mata hannuwana a cinya, na ɗauko hoton kaina na wancan lokaci da ƙanena ya ɗauka, wanda ban taɓa nuna wa kowa a waje ba. Ta daɗe tana kallo. Ta ce za ta daina, kuma za ta kai kwalbar asibiti a duba gwiwar. Na ba ta lambar wayata. Nan da mako biyu za ta dawo tsifa, kuma ni da kaina zan riƙe matajin.